Keken Yaya Ige

Shekara talatin da biyar ina ƙirga famfunan gari,
ran nan ofishin ruwa ya ce an gode, je ka huta.
Na dawo Mabera da takarda guda
da hannuwa biyu da ba su iya zama ba.

A lungun ɗaki, ƙarƙashin tsohon bargo,
keken Yaya Ige na nan tun rasuwarta.
Malam-buɗe-littafin da ke jikinsa ya koɗe,
fiffike ɗaya ya rage, ɗayan tsatsa ta ci.
Na ɗiga masa mai, na taka,
ya yi tari irin na tsoho da asuba,
sannan ya tuna muryarsa.

Na yanko yadi huɗu a Tsohuwar Kasuwa,
mai araha, don ɗan koyo ba ya farawa da shadda.
Kulu ta riƙe mini tef tana danne dariya:
"Malam, tumbin ga naka ya ƙaru,
kak ka ɗora ma almakashi laihi."

Bazara ce. Kwanon rufi na ƙara don zafi,
jar akuya ta lafe gindin dogon yaro,
wuta ta ɗauke tun hantsi.
Keken ƙafa bai san an ɗauke ba.
Ni da gumi da alli a bayan kunne,
zare ya ƙi kafar allura sau bakwai,
sai da jikata Luba ta zo
ta zura shi tana kallon wani wuri.

Na ɗinka, na farke.
Na ɗinka, na farke.
Farkewa ma aiki ce, ba wanda ya gaya mini.

Kwana goma sha ɗaya kaftani ya tashi.
Hannun dama ya rufe mini yatsu,
na hagu ya tsaya yana jin kunyar agogo,
aljihu kuwa na ɗinke bakinsa ruf,
Kulu ta ce dama ba abin sa wa ciki.
Na goge shi, na fesa turare,
na sa shi ran Juma'a.

Bayan sallama, a bakin masallaci,
Arzika tela ya kama mini gefen riga:
"Wa yai maka wanga ɗumki, mu kai ƙara tai?"
Na ce ga mai laifin a gabanka.
Ya juya kalmasa, ya matso da tabarau,
ya bi layin zaren da farce,
sai dariyar ta tsaya masa a maƙoshi.
"Keken Ige na," in ji shi.
"Goma shi kan yi, shi tsallake guda.
Na san shi tun ina yaron shago."

Da na koma gida na buɗe akwati,
na ciro 'yar taguwar da ta yi mini
shekarar da na shiga firamare.
Na ƙirga.
Goma, tsallake. Goma, tsallake.
Ashe duk ƙuruciyata da wannan giɓin na yi yawo.

Yanzu wata tara ke nan.
Wando uku, taguwa biyar, hular Luba,
hannuwa sun fara jituwa da juna.
Maƙwabta kan aiko da yadi, in mayar,
ni ba tela ba ne, kada in ci abincin Arzika.
Ya ce in kawo keken ya gyara, ƙusa ɗaya ce.
Na ce to, wata rana.

Bayan isha'i, in gari ya ɗan sha iska,
nakan ja kujera, in sa ƙafa inda ta sa tata,
ƙarfen ya lotsa daidai tafinta.
In taka, in saurara,
in bar shi ya tsallake.