Taɓi Biyu

Ruwan Porto ba ya sallama.
Sanda a dama, lema a hagu,
waya a aljihu tana ta zuba.

Firmino ya ce wa jikarsa,
"Wannan tana karanta min wasiƙa,
tana faɗin lambar bas.
Me zan yi da agogon da ke kwana a caji?"
Iolanda ta ɗaura masa kawai.

Yau, a gangaren Ribeira,
ƙarar jirgi ta haɗiye muryar waya.
Sai taɓi biyu a tsintsiyar hannu: hagu.

Ya tsaya cak.
Haka Graciete take yi masa,
shekara talatin, ba ta cewa uffan.

Da dare ya ce, "Ya yi tsada."
Bai kwance shi ba
har cajin ya ƙare.