Gurbin Adireshi

Kuɗin tallafi sun iso Dutse da kaka.
Aka sayo na'urori, aka ba ni guda,
aka ce: je Auyo, ƙirgo mana marasa matsuguni.

A ajin firamare na tarar da Baba Nadabo,
tabarmarsa a ƙarƙashin allo,
inda har yau ba a goge bakwai sau takwas ba.

Suna? Ya faɗa.
Shekaru? "Da wayona aka canza kuɗi."
Adireshi?
Ya turo leɓe wajen kogi:
"Ka ga inda balbelar can ta sauka?
Nan ne ɗakin Tasalla.
Rumbuna na ƙasan kainuwa."

Na'ura ba ta san balbela ba.
Ta yi ja, wai gurbi ba ya zama fanko.
Na rubuta "Ruwa". Ta karɓa.

Yatsansa kuwa ta ƙi shi,
koma da lauje sun cinye zanen.
Ya tofa yawu, ya goga, har sau huɗu.

"To, yanzu an san da ni a Dutse?"
Na ce, sai na samu sabis.
Na hau tudu, na ɗaga hannu sama
kamar mai roƙon ruwa
a garin da ruwa ya ci.

Da na waiwaya, yana naɗe tabarma.
Litinin yara za su dawo aji.