Ɗan Ruwa Biyu

A majemar bayan Birni
na miƙa wa Baba Cillo wayata:
hoton ɗan zaki da damisa ta haifa.

Ya goge ruwan bagaruwa a zane,
ya matso da ido.
"Gezar ta uban ce, amma ba ta cika ba.
Roɗi-roɗin uwa kuwa
sun koɗe kamar an wanke da toka.
In dare ya raba, me zai yi?
Gurnanin manyan dawa,
ko shirun ƙi-sabo bisa reshe?"

Na ce a keji aka haife shi.

Ya daɗe yana dubana,
tsawon ubana Babarbare, hasken uwata Buzuwa.
Ya mai da fata cikin rami.
"Kai dai an bar maka Damagaram duka.
Shi fa?"