Tafasa Babu Wuta

Ƙarfe biyun dare motar ta iso daga Legas,
tulun ƙarfe a bayanta, ɗaure da igiya huɗu.
Dung ya tallafi gindi, ni na riƙe wuya,
muka gangara da shi ɗakin ƙasan asibitinmu a Jabi
kamar majinyacin da ba ya son girgiza.

Hiliyam ne a ciki, ruwa ne,
kuma yana tafasa.
Digiri ɗari biyu da sittin da tara
ƙasa da inda ruwan randa ke daskarewa.
Taku huɗu ya rage a kai bangon sanyi,
inda lissafi ya ce babu sauran gaba.
A can yake tafasa.
Ɗumin tafin hannuna gobara ce a wurinsa.

Mun zura bututu, farin tururi ya fito yana huci.
Injin hoton ƙwaƙwalwa ya kafa kai yana sha,
maganaɗisunsa ba ya aiki sai cikin wannan wanka.
Arba'in da ɗaya. Hamsin. Sittin da uku.
Dung na ƙirga litar da ta sulale a hanyar Lakwaja,
kuɗin da suka zama iska tun kafin Abaji.

Na taɓa ba Goggo Lanti labarinsa a Bukuru,
tana fifita garwashi ƙarƙashin tukunyar gwate.
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Kai da bokonka.
Abin da bai ga wuta ba ya tafasa?
Sai dai zuciya."

Ban ƙarasa mata ba.
Ban ce in aka ƙara masa sanyi taku biyu
kumfar kan ɗauke lokaci guda,
ya kwanta lum, kamar tafkin kuza da asuba.
Ba wai ya daina tashi ba ne,
ya daina nunawa ne kawai.
Daga nan ba ya jin maganar mazubi:
ya hau bangon kofi a hankali,
ya ƙetare baki, ya ɗiga ta ƙasa,
ya bi hudar da ko ido bai san da ita ba.

Namu ba ya kaiwa can, a littafi na karanta.
Amma na gani
shekarar da motar Baffa Sallau ta ƙwace a Hawan Kibo.
Kwana uku gidan na ɓararraka da kukanta,
ran na huɗu tsit.
Masu gaisuwa suka ce ta dangana.
Ni da ke kwana a ɗakin na san ta inda yake yoyo:
kofin shayi biyu da safe,
miya babu gishiri,
takalmansa da ake gogewa kowace Jumma'a.

Akwai kuma wannan:
kome ya ji sanyi yakan sandare,
ƙarfe, mai, har iskar da muke shaƙa.
Shi kaɗai ya ƙi.
Kai shi jikin bangon, yana nan ruwa yana motsi,
sai fa in an danne shi
da nauyin iska ninki ashirin da biyar.
An danne Goggo, ban san ninki nawa ba.
Har yau tana tafiya kasuwa da ƙafa.

Tamanin da bakwai. Dung ya murɗa famfo,
ya cire safar hannu, ya hura yatsunsa.

Ƙarfe takwas za a kwantar da wani dattijo a bakin injin.
Ba zai san kamu biyu daga kunnensa
akwai sanyin da bai da na biyu a duk Abuja ba.
Bargo kawai zai roƙa.

Na fito farfajiya, ladan bai kira ba tukuna.
Na san ta riga ta hura wuta.
"Goggo, yaya sanyi?"
Ta ce, "Lokacinsa ne."