Danƙon Taga

Shekara tara ina ƙera shi a rumfar tarakta,
a gonarmu, kudu da Steinbach.
Ƙusa dubu goma sha uku na buga a jikinsa,
ba wadda ta taɓa hana ni barci.
Sai ga taga.
Gilashin roba huɗu kacal, sun hana ni runtsawa.

Wendell Toews ya leƙo, kofi a hannu,
ya ce, "Lorne, silikon mana,
irin wanda na liƙe banɗakina da shi."
Na buɗe, na shaƙa.
Tsami ya doki hancina har sai da na yi ƙwalla.
Abin da ya yi wa hanci haka a fili,
me zai yi wa goran-ruwa a ɓoye?
Fenti ma ba ya zama inda silikon ya taɓa kwana.
Na mayar masa da kayansa, ya tafi yana ƙunƙuni.
Banɗakinsa dai bai taɓa barin ƙasa ba.

Sai baƙin nan mai gwangwani biyu,
wanda na liƙe tankin mai da shi.
Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai.
Ya kama gashin hannuna, ya kama agogona,
ya bi ni har mariƙin ƙofar kicin.
Kwana biyu Verna da kare kaɗai take magana.
Riƙo kam, akwai shi.
Abin da ya kama, sai wuƙa ta raba.

Da na ga shawara ta fi jirgin nauyi,
na yanka guntayen gilashi shida,
na liƙa kowane a kan guntun ƙarfe, kowa da danƙonsa,
na rubuta musu lamba,
na kafe su a rufin rumfa suna kallon kudu.
Na ce, Janairu ya yi muku tambayoyi,
Yuli ya sake.

Janairu ya zo da sanyin da ke daskarar da numfashi a gemu.
Yuli ya zo, kwano ya yi zafin toya ƙwai.
Na hau tsani.

Na biyu ya zama gari.
Na biyar babu shi, kare ya tsinto shi cikin alkama.
Na uku, wanda na fi yarda da shi,
yana nan daram, bai saki ko kaɗan ba,
amma gilashin ya tsage, siririn layi kamar gashi.
Ashe gilashi da ƙarfe ba sa numfashi tare:
wannan ya fi tsukewa a sanyi, ya fi miƙewa a zafi,
wanda aka hana motsi kuwa darewa yake.

A watan ne likita ya duba idona,
ya ajiye biro bai sa hannu ba.

Marnie ta zo daga Winnipeg ranar Asabar.
Ita ce mai lasisi yanzu.
Ta ɗauki na shida, mai ruwan toka, kamar cingam,
ta danna da babban yatsa.
"Wannan bai bushe ba."
Na ce, ba zai bushe ba, haka halinsa yake.
Ta ce, "Nan da shekara goma gilashin zai dusashe.
Wa zai cire shi?"
Na yi shiru ina goge hannu da tsumma.
Ta ce, "To ka ba ni wanda zai saki."

Muka faɗaɗa ramukan sukurori,
don gilashi ya sami wurin juyi.
Muka shimfiɗa danƙon, muka ɗaure a hankali,
ba ɗaurin ƙeta ba.

Da yamma ta shiga, ta ja ƙofa.
Na ɗauko tiyo na saki ruwa a kan tagogin,
fuskarta tana narkewa a baya.
Can ta ƙwanƙwasa da farce,
ƙasa, kusurwar hagu.
Ɗigo ɗaya.
Na kashe famfo, na tafi neman tabarau.