Mai Awon Kifi Ya Mutu Sau Tara

A Valparaíso, gindin tudun da gidaje ke hawa kan juna
kamar awakin da suka hango kura,
muka ari tsohon ɗakin sanyaya kifi.
Mun manna kwalayen ƙwai a bango don su shanye amo,
ƙarni kuwa ya ƙi fita, wai shi ma ɗan ƙungiya ne.

Ni ce mai alƙalami. Shekara ashirin da biyu
ina buga rahoton 'yan sanda a tafireta,
na iya rubuta "an tsinci gawa"
hannuna bai yi rawa ba.
Sai na ƙagi mutum, mai awon kifi a bakin tasha,
na ba shi kwat mai yagaggen aljihu, da bashi, da tari,
na tura shi teku a shafi na uku.

Baltasar ya rungumi babban gogensa
kamar mai lallashin mashayi ya koma gida.
Ya ce, "Ximena, rubutunki ya cika baki.
Matakala ɗari da sittin mutumin nan ya sauka,
bar mini su, tsirkiya za ta ƙirga."
Na soke layi goma sha ɗaya. Har yau suna mini zogi.

Rayén mai ƙaho ko duba takardar ba ta yi ba,
ta ce a faɗa mata launin fitilar titi kawai.
Na ce ruwan ɗorawa, mai ƙyaftawa.
Ta busa, sai ga fitila,
har da ƙwarin da ke kewaya ta.

Gardama ta kaure kan wanda ya yi kisan.
Na ce mai gidan caca ne. Baltasar ya ce surukin mamaci.
Leopoldo mai naɗar sauti, bakinsa cike da burodi,
ya ce shi dai a rufe masa ƙofa,
karnukan tudu sun shiga faifai,
jiniyar jirgin dako ta ɓata ɗauka ta shida.
Muka saurara. Ba ta ɓata komai ba. Muka bar ta.

Murya kuwa ta Doña Fresia ce,
mai karanta wa masunta labarin iska a rediyon asuba, a da,
murya irin ƙofar ƙarfen da gishiri ya ci.
Sau takwas ta kashe mana mai awon kifi
lami lafiya, tana kurɓar shayi a tsakani.
A na tara, biyu da kwata na dare,
ta iso inda gawa ke juyi a gindin gada,
inda na rubuta Evaristo,
sai ta ce, "Hernán."

Babu Hernán a takardata.
Baltasar bai tsaya ba, ya dai sassauta.
Rayén ta raba ƙaho da leɓe.
Leopoldo ya ɗora yatsa a maɓalli, bai danna ba.
Tsohuwa ta kai ƙarshen shafi, ta ninke tabarau,
ta ce ƙaninta ne, ya fita aiki wata safiya,
takalminsa ɗaya teku ta dawo musu da shi.
Ta ce motar farko mai hawa tudu sai ƙarfe shida,
ko akwai sauran shayi?

Daga nan ba wanda ya sake zancen mai kisa.
Faifai ya fito babu mai laifi a ciki,
guda ɗari uku, baƙin bango, sunayenmu ƙanana a baya.
Mai kantin littattafai ya ce masu saye na ƙorafi,
wai labarin bai ƙare ba.

Ni kuwa, gwanar "an tsinci gawa",
in na kunna kashi na bakwai
ba goge nake jira ba, ba ƙaho ba,
sai daƙiƙa huɗun nan da babu kowa
in ban da firijin da muka manta a kunne yana gurnani,
da numfashin da ta ja kafin sunan.
A nan nake ajiye kofi,
don hannun ya daina jin maganata.