Ƙarfin Gwiwa

Shekara sha tara ina tuƙa bas a Sheffield,
in hau tudu da ita, in sauko,
ƙafa a kan birki, ido a madubi.
Ashe gwiwa tana ƙirga tuddan nan.
Ran da ta zo karɓar bashinta, ba ta yi sallama ba.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna mini:
guringuntsi ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi,
dutsen niƙa babu tsaba a kansa.
Suka yanka, suka sa ƙarfe da roba.
Na farka da baƙuwar gwiwa
wadda ba ta taɓa zuwa garinmu ba.

Washegari, ɗinki ko bushewa bai yi ba,
sai ga Bethan, likitar gashi,
'yar siririya, takalmanta ba sa ƙara.
Ta ce, "Tanimu, tashi."
Na ce a wurinmu wanda aka yi wa ɗori
sai ya ga tabarma ta gaji da shi.
Ta ce gaɓar da ta daɗe a kwance sandarewa take yi.

Ni da na ji gashi, tsumma da ruwan zafi na tuna,
hannun Iya da man shanu.
Ita ƙanƙara ta naɗe a tawul
don kumburi ya saɓe.

Ga karatun da ta biya mini:
kaɗa ƙafa sama da ƙasa, kada jini ya daskare;
danna bayan gwiwa a katifa, matse cinya, ƙirga biyar;
ja diddige a hankali zuwa gare ka,
har inda ciwo ya ce tsaya,
ka ƙara masa ɗan taƙi kaɗan.
A bene kuwa, mai lafiya ke fara hawa,
mai ciwo ke fara sauka.
Na haddace kamar alifun ba'un.

Tana da wani ma'auni mai kama da almakashi,
takan kara shi a gefen ƙafata ta karanta.
Digiri saba'in. Mako ya zagayo, tamanin da biyu.
Casa'in, na zauna a kujera kamar mutum.
Na ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ta ce, "To, busasshe fa? Jiƙa shi muke yi."

Akwai daren da na jefar da robar ja bayan gado,
na ce wa Lantana a bar ni haka.
Ba ta tanka ba. Da asuba na ga robar
a ninke kusa da butata.

Rannan Bethan ta ajiye biro ta tambaye ni
me nake so gwiwar nan ta iya.
Tana zaton zan ce tuƙi.
Na ce wata biyar ke nan ina sallah a kujera,
goshina bai san ƙasa ba.

Ta ce in nuna mata. Ban iya ba.
Ɗana Nafi'u ya shimfiɗa rigar sanyinsa
tsakanin keken motsa jiki da madubi,
ya yi ruku'u, ya durƙusa, ya zauna.
Ta zagaya shi tana dubawa
kamar tela a kan yadi mai tsada.
Ba ta yi mini alkawarin zaman tahiya ba.
Ta ce sujada dai mu gwada, da matashi.

Jiya ɗari da ashirin da shida.
Ana yayyafi a waje, tagar falo ta yi gumi.
Na dafa kujera, na saukar da mai lafiya,
mai ƙarfen ta biyo ta tana gunaguni.
Kafet yana warin sabulu da tsohon turare.
Na daɗe a wurin.

Tashin ne fa sai da na kira Nafi'u.